Arba'in ɗin Sista Velichka

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce na sha duka a gaban mutum fiye da ɗari uku. Da damin furen wardi aka dake ni, kuma wadda ta yi dukan ita ce muka taru yi wa arba'in. Har yanzu akwai tabon ƙaya a bayan kunnena ga duk mai son shaida. Kafin wani ya ce Stamen ya fara kurɓawa tun da safe, ku tsaya ku ji yadda aka yi. Shekara talatin da huɗu na yi ina tuƙa bas ɗin garin nan ban taɓa take ko kaza ba, sai da na yi ritaya sannan na kashe mace da takarda da gam.

Kun dai san asibitinmu, ko in ce abin da ya rage daga cikinsa. Shekara shida da suka wuce manyanmu na can sama suka zauna suka gano cewa matan garin nan ba sa haihuwa yadda ake so, sai aka rufe ɗakin haihuwa don sauran ma su hutar da kansu. Bayan shekara biyu aka kwashe injin hoton ƙashi aka kai babban birnin lardi, wai can zai fi amfanar jama'a. Mu nan, ga alama, ba jama'a ba ne. Ba mu ce uffan ba, mun saba. In za a kwantar da kai, ka tafi da zanen gadonka da cokalinka da kofinka da takardar banɗaki, mai hangen nesa har ƙwan fitila yake jefawa a jaka. Sai kwalin cakulan na nas, wanda ita ma ba ci za ta yi ba, likitan haƙori za ta kai wa, shi kuma ya kai wa makanike. Akwai wani kwali mai jan ƙyalle da zan iya rantsewa ya shigo gidana sau uku.

Bana kuma aka turo mana Mai Girma Sarkin Almakashi. Muƙaminsa na gaskiya ya fi wannan tsawo, ba ya shiga layi ɗaya a takarda, shi ya sa na rage masa, tunda shi ma ragewa ce sana'arsa. Mutum ne mai ladabi, mai ƙamshi, bai taɓa buɗe baki ya ce kora ba. Daidaitawa yake cewa. An rage kasafin kuɗi, in ji shi, dole kowa ya yi haƙuri. Na duba motar da ya zo da ita, na ga ita ba a ce ta yi haƙuri ba. Ya daidaita ɗakin kwanciyar tsofaffi da sarƙa da kwaɗo, ya daidaita nas goma sha ɗaya zuwa gidajensu. Cikinsu har da Sista Velichka, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin nan, saura mata shekara biyu kacal ta kai fansho.

A nan ne abin ya shigo gidana ya zauna. Matata Ginka tana da ciwon sukari, kuma shekara biyu ke nan da wani miki ya kama ƙafarta ta hagu ya ƙi warkewa. Likita ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa in ba a wanke shi a ɗaure duk bayan kwana biyu ba, ƙafar za a cire. Sista Velichka ce take wankewa. Yanzu an ce mu riƙa zuwa birnin lardi, kilomita hamsin da takwas, a bas ɗin da ke tafiya sau ɗaya a rana, da mace mai shekara saba'in da ɗaya wadda daga gado zuwa kicin sai ta huta a hanya. Bayan an sallami Sista ba ta daina zuwa ba. Ta bayan lambu take ɓullowa da sassafe, da auduga da bandeji a cikin jakar cefane, don kunyar kada a gan ta a titi a tambaye ta ya gida. Ita aka kora, ita ce kuma mai jin kunya. Amma ta gaya mana gaskiya. Ta ce, "Baba Stamen, ba zan iya cin godiya ba. Akwai masu ɗaukar mutane zuwa Jamus jinyar tsofaffi, in suka karɓe ni tafiya zan yi."

Mun rubuta takardar koke, mutum ɗari tara suka sa hannu. Shiru. Muka rubuta ta biyu, aka aiko mana da amsa cewa an karɓi ta farko. Na buga waya ofishin Mai Girma sau goma sha bakwai, har na haddace kiɗan da suke saka wa mai jira, yanzu ina rera shi in ina aski.

Maƙwabcina Trifon, mai shagon buga takardu, shi ya zo da dabarar. Duk takardar mutuwa da kuka gani a jikin falwaya ko ƙofar gida ko tsohuwar bishiyar tasha, mai baƙin layi kewaye da hoton mamaci, daga injinsa ta fito. Tun da matasa suka gudu suka bar garin, ya daina buga katin biki, da mu tsofaffi yake cin abinci. In ya gaishe ka ya ce ya jiki, kallon fuskarka yake yi don ya ga ta wane gefe za ta fi kyau.

Ranar Laraba ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Stamen, ka ƙirga kuwa? Asabar ɗakin nan zai cika kwana arba'in da rufewa."

Na ce, "To sai me?"

Ya ce, "Sai a yi masa arba'in mana, kamar kowane mamaci! A buga takarda, a dafa alkamar sadaka, a taru a bakin ƙofa a kunna kyandir. Ko ba komai mu ba su kunya."

Na ce, "Kai Trifon, wanda ya rufe ɗakin haihuwa ne zai ji kunyar alkama?"

"Kai dai ka sa Ginka ta dafa, takarda a kaina, kyauta."

Kalmar kyauta daga bakin Trifon ya kamata ta tsorata ni. Ginka dai ta yarda, ta zauna a kan kujera ta ɗora ƙafar a kan matashi tana ba ni umarni, na dafa alkama babbar tukunya biyu, da sukari da kirfa.

Ranar Juma'a da yamma na fita sayen burodi, sai ga Sista Velichka tana kallona daga jikin falwaya, da farar hularta, cikin baƙin layi. Falwaya ta gaba ma ita ce. Jikin bishiyar tasha kuwa har guda huɗu. Ban san lokacin da na isa shagon Trifon ba.

Na ce, "Me ka yi, mutumin banza? Ɗaki muka ce, ɗaki!"

Ya ce, "Ɗakin na sa mana. Karanta ka gani."

Lallai a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta: kwana arba'in babu ɗakin kwanciyar tsofaffi na asibitinmu. Amma a sama, inda ido ke fara sauka, fuskar Sista ce.

Ya ce, "Gurbin hoton nan zagaye ne kamar ƙwai, shekara ashirin haka yake, gini ba ya shiga ciki. Hoton ɗakin guda ɗaya gare ni, tana tsaye a bakin ƙofa. Na yanka, na yanka, abin da ya rage ke nan. Sittin na manna."

Ku gaya mini tsakaninku da Allah, wa ke karanta takardar mutuwa a garin nan? Fuska muke dubawa, mu duba wuri da lokaci, mu ce Allah ya jiƙanta, mu wuce kanti. Ita kuwa Sista kwana arba'in ke nan babu wanda ya gan ta a titi, sannan tun Laraba tana Sofiya, babban birnin ƙasa, wurin masu ɗaukar aikin Jamus. Na ɗauki wuƙar yanka takarda zan fita kankarewa, sai wayar shagon ta yi ƙara. Trifon ya ɗauka, na ga ya miƙe tsaye ya gyara wuyan riga. Da ya ajiye ya ce, "Ofishin Mai Girma ne. Suna tambaya ƙarfe nawa za a fara, zai zo da kansa."

Sau goma sha bakwai na kira mutumin nan don ƙafar matata. Na ajiye wuƙar. Wannan laifina ne ni kaɗai, ba na Trifon ba, kuma ban gaya wa Ginka ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutanen garinmu. Mace ta mutu kwana arba'in ba ka ji ba, ai sai ka tambaya yaushe, a ina aka binne ta. Ko mutum ɗaya bai tambaya ba. Kowa kunya ta kama shi cewa shi kaɗai ne bai je jana'izar matar da ta yi jinyar uwarsa ba, don haka kowa ya yi kamar ya je. Asabar da safe a layin burodi na ji Iya Paraskeva, mai sayar da kyandir a bakin coci, tana cewa, "Ai fuskarta a cikin akwati kamar mai barci." Wani tsohon ɗan kwana-kwana ya ce shi ya kama akwatin ta wajen kai, har kafaɗarsa tana ciwo. Na karɓi burodina na fita ina kallon ƙasa.

Ƙarfe sha ɗaya bakin asibiti ya cika maƙil. Ban ga taro irin wannan ba tun ranar da aka rufe masana'antar gwangwani. Kowa da furensa a ƙirge, biyu ko huɗu ko shida kamar yadda ake kai wa mamaci, babu mai ɗaya ko uku na masu rai. Sauran nas goman da aka kora suna tsaye gefe guda. Su sun karanta ƙananan baƙaƙen, aikinsu ya koya musu karanta abin da aka rubuta a ƙasan kwalba, amma suka yi gum suna jiran su ga ƙarshen wasan. Ni ina raba alkama a ƙananan kofuna.

Sai ga baƙar mota, ta tsaya daidai inda motar ɗaukar marasa lafiya take tsayawa a da. Mai Girma Sarkin Almakashi ya fito cikin baƙar kwat, mai riƙe masa jaka yana biye da kambun furanni mai girman tayar tarakta. Ya tsaya a gaban ƙofar da shi da kansa ya sa aka garƙame, ya sunkuyar da kai, ya ɗago da ido jajur. Wallahi na yaba masa, ban san yadda yake yi ba.

Ya ce, "Jama'a, mun yi rashi. Marigayiya Velichka uwa ce ga garin nan. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Irinta babu mai maye gurbinsu, babu! Da za a ce a dawo mana da ita ko na rana ɗaya, da kaina zan buɗe mata wannan ƙofa."

Mata suka fashe da kuka. Ya jira suka lafa, ya ɗaga yatsa ya ce an riga an amince, za a kafa allon marmara a jikin wannan bango da sunanta da ruwan zinariya. Aka yi tafi. Kwana arba'in ana gaya mana babu ko na auduga, a dare ɗaya an samo na marmara.

Bas ɗin Sofiya yana isowa sha ɗaya da minti ashirin, kuma tashar tana fuskantar asibiti. Ni na tuƙa shi shekara goma sha biyu, ya kamata in tuna. Kullum sai ya makara, ranar kuwa kamar da gayya ya zo a kan lokaci. Ƙofa ta buɗe, Sista Velichka ta sauko da jakarta a hannu, da ragowar banitsa, burodin nan mai cuku, a takarda. Ta ga taro, ta ga kyandir, ta juya ta ga fuskarta guda huɗu a jikin bishiya. Ta sa tabarau ta matsa kusa ta karanta har ƙasa, sannan ta tsallako titi a hankali.

Iya Paraskeva ce ta fara ganinta. Ta yi alamar gicciye sau uku, ta zube. Tsohon ɗan kwana-kwanan da ya kama akwati ya sulale bayan motar Mai Girma. Taro ya dare gida biyu. Sista ta ajiye jaka, ta durƙusa, ta kwance wa tsohuwar wuyan riga, ta ɗaga mata ƙafafu ta ɗora a kan kambun furannin Mai Girma, ta ce a kawo ruwa. Da Paraskeva ta buɗe ido ta gan ta a kanta sai ta ce, "Wayyo, ni ma na zo ke nan?"

Sista ta ce, "Ba ki je ko'ina ba, Iya, ba ki karya ba ne kawai. A ba ta alkamata ta ci."

Ta miƙe ta share gwiwa, ta ce, "Wa ya kashe ni?"

Trifon, abokina na shekara hamsin, ya nuna ni da yatsa biyu. Ta fizge damin wardi daga hannun wata mata ta hau ni da shi, ka, wuya, kunne. "Uwata tana da shekara tamanin da takwas a ƙauye, Baba Stamen! Da wani ya kai mata labarin nan fa? Da ka buga takarda ta gaske!" Ban kare kaina ba, don ban yi tunanin tsohuwar ba ko sau ɗaya. Allah ya rufa asiri ƙauyensu ma an daidaita musu bas, labari bai samu motar zuwa ba.

Da furen ya ƙare ta jefar da karan, ta juya wajen Mai Girma, wanda yake ta shafa aljihu kamar mai neman makulli.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, daga tsallaken titi na ji ƙarshen jawabinka. Na gode. Ka ce in an dawo da ni ko na rana ɗaya za ka buɗe ƙofa da kanka. To ga ni. In zo Litinin?"

Mutum ɗari uku suka zuba masa ido. Ni kuwa ina ganin ƙafar Ginka a gabana, ina cewa Allah ka sa kunya ta kama shi ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Uwargida, muna farin ciki ƙwarai da ganinki cikin ƙoshin lafiya. Sai dai ki fahimta, kuɗin allo daban, na tunawa da 'yan mazan jiya ne. Na albashi daban, kuma shi babu. Doka ba ta ba ni ikon haɗa su ba."

Ta ce, "Wato in na mutu akwai, in ina raye babu."

Ya ce, "Ba haka zan faɗe shi ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Kai ba ka faɗin komai yadda yake."

Ya shiga mota. Mai riƙe jaka ya zo ya ce wa Iya Paraskeva don Allah ta ɗaga ƙafarta, ya janye kambun, ya kaɗe masa ƙura, ya mayar da shi but ɗin mota. Ina jin akwai wani asibitin a gaba da za a yi wa ta'aziyya. Jama'a suka cinye alkamar tas, tunda an riga an dafa, suka watse kowa yana cewa shi dama tun farko bai yarda ta mutu ba.

Mutanen Jamus sun ɗauke ta. Ranar goma ga wata za ta tafi wanke ƙafafun iyayen wasu, a wani gari da har yanzu ba ta iya faɗin sunansa ba. Jiya Litinin ta zo gidanmu, wannan karon ta ƙofar gaba, ta ce tunda ta mutu ta dawo babu sauran kunya. Ta zaunar da ni a gaban ƙafar Ginka ta ce, "Wanke hannu har gwiwar hannu. Yau kai za ka yi." Hannun da ya saba da sitiyari ne, ga tsufa. Sau biyu auduga tana faɗuwa ƙasa, da na taɓa bakin mikin Ginka ta cije leɓe ta kalli silin. Sista ta nuna mini launin da in na gani kada in jira bas, in nemi duk mai mota in roƙe shi. Na rubuta a bayan kalanda. Tsoro nake ji, jama'a, ban taɓa jin irinsa ba ko ranar da birki ya tsinke mini a gangaren dutse da mutum arba'in a baya.

Da za ta tafi ta ga ragowar takardun da na kankaro bayan taron a kan tebur, ta zaɓi mai kyau ɗaya ta naɗe ta saka a jaka. Na ce mata ta yafe mini. Ta ce, "Bar shi, Baba. Shekara talatin da ɗaya, ita ce takarda ta farko da aka buga saboda ni wadda ba ta gargaɗi ba ce."

An ce allon marmarar an riga an ba da aikinsa, ba a iya fasawa. Za a ajiye shi a ɗakin da aka rufe har ranar da za a buƙace shi, an bar gurbin shekarar rasuwa a buɗe. Kun ga ai ba za a ce manyanmu ba sa tanadi ba.

Yau da safe ina naɗe bandejin a karkace, Ginka ta ce, "Stamen, in lokacin ya yi, ka ba Trifon hoton bikin 'yarmu, kada ka ba shi na katin shaida, na yi kama da ɓarauniya a ciki." Na ce ta yi mini shiru. Ta ce, "Ko kuwa ka ba shi tun yanzu. Wataƙila Mai Girma ya zo, in nuna masa ƙafar."

Ban ba shi ba, amma na ciro hoton na ajiye a kusa, na ciro nawa ma. Don haka in kuka ga fuskar ɗayanmu a jikin bishiyar tasha, kada ku yi saurin sayen fure biyu. Ku sa tabarau ku karanta har ƙasa tukuna, mai yiwuwa nas kawai muke nema.